Me ya sa gaɓar rubutun Koriya take zama ɗaya wani lokaci, wani lokaci uku?

Bashir, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina koyon rubuta manhaja, sai na lura kwamfuta takan ƙirga gaɓar 한 a matsayin alama ɗaya, wani lokaci kuma uku, alhali a ido babu bambanci. Yaya ake ajiye waɗannan gaɓoɓi?

Malam Umaru, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam Bashir. A rubutun Koriya, wato Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, ana tara haruffa biyu ko uku a gida ɗaya, kowane gida gaɓa guda. Unicode, tsarin da ke ba haruffan rubuce-rubucen duniya lambobi a kwamfuta, ta ba kowace gaɓa ta zamani lambarta, jimilla 11,172, wato baƙaƙen farko 19 sau wasula 21 sau 28, domin baƙaƙen ƙarshe 27 ne, sai kuma gaɓar da ba ta da baƙin ƙarshe. Abin da ya fi burge ni shi ne an jera su bisa tsari tun daga 44032, ta yadda ba sai an duba jadawali ba. A ninka matsayin baƙin farko da 588, na wasali da 28, a ƙara na baƙin ƙarshe, sannan a ƙara 44032, ana fara ƙirge daga sifili, a baƙin ƙarshe kuma sifili na nufin babu shi. A gaɓarka matsayin su ne 18 da 0 da 4, lambarta kuwa 54620.

Malama Hadiza, Njamena:
Hanya ta biyu ita ce a ajiye haruffan daban-daban, waɗanda ake kira jamo, manhaja ta haɗa su wajen nunawa. Mu da muke rubuta Faransanci mun san irin wannan, domin é kan zo a dunƙule, ko kuma e da alamarta a rabe. A UTF-8, wata hanyar ajiye rubutun Unicode, gaɓarka bayit 3 ce (bayit ma'aunin girman bayanai ne a kwamfuta) a dunƙule, 9 a warwatse. Shawarata ita ce ka mayar da rubutu zuwa NFC, wato tsarin da ke dunƙule haruffan da ke warwatse, kafin ƙirge ko bincike.

Malam Umaru:
Gaskiya ne, Malama. Kuma cikar jerin tana da muhimmanci, domin tsarin lambobin haruffa na Koriya ta Kudu na 1987 gaɓoɓi 2,350 kawai ya ɗauka, saura ba su da gurbi. Sai a 1996, a Unicode 2.0, aka zaunar da dukkansu inda suke yanzu.

Bashir:
Allah Ya saka da alheri. Na gwada NFC a kan rubutun biyu, ƙirgen ya zo daidai.