Musayar Waƙa: Tauraro Ya Yi Ɓarna Yana Yaro, A Yafe Masa?

Ɗan Tawada:
Assalamu alaikum. Ga abin da za mu taɓa a makon nan. Mark Wahlberg, ɗan fim ɗin Amurka, yana da shekara 16 a 1988 ya far wa wasu mutum biyu 'yan asalin Biyetnam a Boston. Ɗaya ya sheme shi da gora, ɗaya ya naushe shi a ido, yana yi musu zagin ƙabilanci. Kwana 45 ya yi a gidan yari. A 2014, bayan ya zama wane, ya rubuta wa hukumar jiharsu yana neman afuwa. Ƙwar biyu za mu yi, bismilla.

Da sunan Ta'ala nake yin kira,
Ga duk mai fasaha da son gaskiya.

Mutum ya yi ɓarna yana ƙanƙane,
Ya girma ya sam ɗaukakar duniya.

A wanke shi tas don yana da kuɗi?
Walau dai ya zauna da laifin jiya?

Gimbiyar Baiti:
Malam, tambayarka tana da ƙaho,
Ka cusa kuɗi don ka ja zuciya.

Wa ke da hankali a shekara sha shida?
Jiki ya girma, kai na baya yana tafiya.

Ƙuruciya dangin hauka aka ce,
Kai ma ka yi taka, mu bar tonon jiya.

Kotun Ƙolin Amurka da kanta a 2005 ta hana yanke hukuncin kisa ga wanda ya yi laifi bai cika 18 ba. Alƙalai ma sun san ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama nuna ba.

Barkono:
Ranki ya daɗe, haukan da muka yi
Gudun makaranta ne da ƙaryar cuta.

Ba mu ɗau gora mun sheme bawan Allah
Don hancinsa da namu sun bambanta.

Kuma ba farau ba ne, tun a 1986
Ya jefi yara baƙar fata, kotu ta rubuta.

Fosta nawa kika liƙa a ɗakinki
Da har kike kare shi haka, 'yar'uwata?

Mai Kallo:
Kai! Barkono ka yi yaji. Baitin ƙarshen nan ya rufe fage, a naɗe tabarma kawai.

Ƙawar Gimbiya:
Wace tabarma? Ta kunya ce, da hauka yake naɗe ta. An kawo masa hujjar kotu ya koma zancen fosta. Ku dai ba ku da aiki sai tafi wa juna.

Gimbiyar Baiti:
Barkonon da ya kwana a buɗe,
Ko jariri ba ya sa shi atishawa.

Ɗakina ba fosta sai littafi,
A naka madubi ne ke neman guduwa.

Wanda ya sha naushin ya ce ya yafe,
Kai kuma ka fi mai kora shafawa.

Ya ce idonsa tun a yaƙi ya rasa shi,
Ba hannun yaron ne ya yi makantarwa.

Barkono:
Mutum biyu aka duka, Gimbiya, na ji bakin ɗaya. Yaran da aka jefa kuma ba ki ambace su ba. Ina zuwa, ana kira na.

Malam Ma'auni:
Ku dakata tukuna. Ɗan Tawada ya ɗora mu a kan karin waƙa na Mutaƙarab, amsa-amo "ya", kuma bai zame ba ko sau ɗaya. Gimbiya ta riƙe amsa-amon a zuwan farko, a na biyu ta gudu wurin "wa", wanda na malalata ne, kowane fi'ili ka ja masa wutsiya ya ba ka "wa". Barkono kuwa laifinsa ya fi. Ya ɗauko shekara ɗungurungum ya cusa cikin ɗango. Ku karanta da baki: alif ɗari tara da tamanin da shida. Gaɓa 13 ke nan shekarar kaɗai ta cinye, alhali ɗangon Ɗan Tawada gaba ɗayansa 11 ne. Wa zai rera wannan numfashinsa bai tsinke ba?

Barkono:
Allah gafarta Malam mai sikeli,
Ana zancen jini kana ƙirgar gaɓa.

Halilu a Basra ta Larabawa ya auna,
Tawa ko a mafarki bai ji ta ba.

Malam Ma'auni:
To ga wani sabo: "ɓa" da "ba" ba harafi ɗaya ba ne. Kuma nauyin gaɓa ba Halilu, malamin da ya tsara awon waƙar Larabci, ya kawo mana ba, yana cikin harshen tun fil azal, kunne ke jin sa.

Ka je can ka koyo awo ɗan'uwa,
Ka bar kai wa waƙa harin zuciya.

Rubutunka malam zube ne kawai,
Ka sassare layin ka ce ka iya.

Mai Kallo:
Malam ya iya awo, amma waƙarsa ba gishiri. Ni dai ta Barkono ke shiga raina ko da ƙafa ɗaya take tafiya.

Ƙawar Gimbiya:
Don abokinka ne. Da Gimbiya ce ta haɗa "ɓa" da "ba" da yanzu kun cika wurin nan da shewa.

Mai Kallo:
Ita da aka ce amsa-amonta na malalata ne? Ba ni na faɗa ba, Malam ne.

Gimbiyar Baiti:
Malam, da girmanka, amma "wa" ba haramun ba ne. Manyan waƙoƙi nawa aka gina a kansa ba wanda ya ce uffan? Ka bar ni da Barkono.

Malam Ma'auni:
Ban ce haramun ba, 'yata. Makaruhi na ce.

Ɗan Tawada:
Jama'a mun bar jaki muna dukan taiki. Bari in ƙara itace. Merle Haggard, mawaƙin Amurka, an kama shi yana ɗan shekara 20 kan yunƙurin sata, ya shiga kurkukun San Quentin a 1958, ya fito a 1960, Ronald Reagan yana gwamnan Kalifoniya ya yi masa afuwa a 1972. Ɗan fim Robert Downey Jr. kuma Gwamna Jerry Brown na Kalifoniya ya yi masa a jajibirin Kirsimeti na 2015, kan laifin ƙwaya na 1996. Ina kuma janye "wanke shi tas" da na ce, don afuwar gwamna a can ba ta goge kundin, wasu haƙƙoƙi take maido wa mutum. A dawo kan layi.

Barkono:
Downey a lokacin talatin da ɗaya gare shi,
In wannan yaro ne, ni ma jinjiri nake.

Shi kuwa mai gora, karanta takardarsa,
Lasisin gidajen abincinsa ne ya maƙe.

Tuba ake cewa, ko ciniki?
Gimbiya, gaya mana inda kike.

Gimbiyar Baiti:
Ina nan daram inda ka bar ni,
Kai ne ke tsalle kamar an taka wuta.

Mutum 91 gwamnan ya yafe ranar nan,
Ɗaya jarida ta gani ta buga ta.

Sauran casa'in ba ka san su ba,
Shi ya sa hassadarka ba ta motsa ta.

Malam Ma'auni:
"Motsa ta" wa? Lamirin nan ba shi da uba, don amsa-amo kawai aka haife shi. Ga lamba kuma ta sake shigowa ɗango.

Barkono:
Hassada? Wahlberg da kansa a 2016 ya ce ya yi nadamar neman afuwar, buƙatar ma an rufe ta. Mai kaya ya sauke, ke kina riƙe da gammo.

(bayan kwana uku)

Goggon Yara:
Sannunku 'ya'yana. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Ni ban iya awo ba, Malam ya yi haƙuri.

Ƙanena ya saci keke yana sha bakwai,
Wata tara alƙali ya ɗaure shi.

Yau furfura ta fara fito masa,
Laifin na nan, ya ƙi ya sake shi.

Na zauna gefensa yana cike fom,
Aikin gadi kawai, shi ne burinshi.

Ya zo kan layin "An taɓa ɗaure ka?"
Biro ya tsaya, gumi ya rufe shi.

In ya ce a'a ya yi ƙarya,
In ya ce e, ba mai ƙara kiran shi.

Ba shi da lauya, ba shi da kyamara,
Wane gwamna ne ya san sunanshi?

Ban ce a hana tauraro afuwa ba,
A sa shi a layi, ƙanena na gabanshi.

Mai Kallo:
Goggo kin kashe mu. Kuma kun ga maganar Barkono ta tabbata.

Ƙawar Gimbiya:
Ina ta tabbata? Ta ce ba ta hana afuwa ba, da bakinta. Namu ne ya fito.

Goggon Yara:
Ni ba ta kowa nake ba. Fom ɗin nan har yau yana cikin aljihun rigarsa, ninki huɗu, bai mayar ba.

Malam Ma'auni:
Yaya, baitinki na uku yana ɗingishi, na biyar ma haka. Na gani, na kau da kai.

Barkono:
Iye! Ashe ana kau da kai? To ni fa, Allah gafarta Malam?

Malam Ma'auni:
Kai ba ka nema ba. Ka gyara ɗangon shekarar nan tukuna, ka dawo kan "ya", sai mu duba.

Barkono:
Gimbiya ta yi shiru kwana uku,
Ko tawada ce ta ƙare, ko kuwa kunya?

Na dawo kan "ya" don Malam ya huta,
Ke nake jira, fito mu ƙarasa tafiya.