Sugana ƙalau yake amma an ce insulin ya min yawa, meye haɗinsa da zuciya?

Uwar Biyu:
Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Na yi gwaji sugana kafin cin abinci 94, sai likita yace insulin ɗina ne ya yi yawa kuma in kula da zuciyata, wallahi tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Ga bayan wuyana ya yi baƙi, na dirza da soso har na gaji ashe ba datti bane. Tunda ban da ciwon suga me ya kawo maganar zuciya?

Yayan Kowa:
Wa'alaikissalam 'yar uwa. Jikinki ne ya rage jin maganar insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, sai pankiriyas, gaɓar cikin ciki da ke samar da shi, ya dinga ƙaro shi don suga ya zauna daidai, shi yasa takarda ke nuna 94 alhali ana can ana fama, kuma ana iya shekaru a haka kafin ya kai 100 balle 126 da ake cewa ciwon suga. A mai lafiya insulin na sa bangon jijiya ya saki wani sinadari mai suna nitric oxide sai ta buɗe jini ya wuce, to idan jiki ya daina jin insulin wannan aikin ne ke raguwa, jijiya ta dinga tsukewa, ƙoda ta riƙe gishiri jini ya hau, hanta ta ƙaro kitsen jini da ake kira triglyceride, HDL wato kolestirol mai amfanin ya ragu, a hankali kitse ya fara kwanciya a bangon. Tun 1988 Gerald Reaven na jami'ar Stanford ya haɗa su waje ɗaya ya kira su Syndrome X. Baƙin wuyan ma alamar rashin jin insulin ɗin ce, ki daina wahalar da fatarki.

Ƙanwarku:
Innalillahi, to mamana da take allurar insulin kullum fa? Ta daina kenan?

Yayan Kowa:
A'a dan Allah kar ta daina! Binciken ORIGIN da ya fito a 2012, mutum sama da 12,000, bai ga allurar insulin mai suna glargine ta ƙara bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Sugan da aka bari ya hau shi ne zai ci mata jijiyoyi.

Baban Yara:
Ni tafiya ce ta taimake ni, minti 30 sau biyar a sati, tumbi ya ragu har na ƙara huji a bel. Uwar Biyu ki sa a auna miki hawan jini da HbA1c (gwajin matsakaicin suga na kusan wata uku) da kitsen jini.

Uwar Biyu:
Nagode sosai, Allah ya saka da alheri. Litinin zan koma, zan zo muku da sakamakon in sha Allah.