Ɗaga ƙafar Golf 4 GTI don hanyar burji da tseren rali: har ina za a kai?

Mai Golf daga Yelwa:

Assalamu alaikum manyanmu. Golf 4 GTI ce, inji 1.8T, giyar hannu, ƙafar gaba ce kaɗai ke ja. Tayoyin da ke kanta 205/55 R16. Ana so a ɗaga ta don ta riƙa shiga burji, irin hanyoyin ƙauyukan Dass da Tafawa Ɓalewa, wani lokacin kuma a sake ta da gudu a fili irin na 'yan rali. Wani gareji sun ce a sa roba mai kaurin inci uku a ƙafafun huɗu, wani kuma ya ce sifirin kawai za a canza. Wanne ne daidai? Har ina za a ɗaga kafin shaf, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, ya fara lalacewa? Wace taya ce kuma za ta shiga ba tare da ta goga ba?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, inci uku milimita 76 ke nan, kuma wannan motar ba za ta ɗauka ba. Ka tsaya tsakanin milimita 30 da 40.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, ka ajiye ta a daɓe mai daidai, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a ƙafafun huɗu, ka rubuta. Sai a sa jak a ɗaga bodin har taya ta bar ƙasa, a sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ne saukar ƙafa, wato nisan da taya za ta iya bin rami kafin shokozoba ya ƙure. Wannan lambar ta fi tsayin motar muhimmanci. Ana so kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar ƙafa ya zama na sauka ne. In an gama aiki ka ga saukar ta gaza milimita 50, an ɓata motar ko da ta yi kyau a ido: duk ramin da ta shiga za ka ji "kwas" daga gaba, taya tana barin ƙasa, sitiyari da birki suna kama iska.

Sifirin mai tsawo daga cikin wannan saukar yake ciyo tsayinsa, domin tsawon shokozoba bai ƙaru ba. Abin ɗagawa da ake sawa a saman shokozoba kuwa ba ya rage tafiyar, amma yana tura ƙafar gaba ɗaya ƙasa, sai boljoyin da tayarod da shaf su riƙa aiki a karkace. Kowanne da kuɗin da yake karɓa. Shi ya sa aka fi so a raba: kaɗan daga sifirin, kaɗan daga sama.

Sifirin GTI tun daga kamfani ya fi na Golf 4 gama-gari gajarta, ga shi ya haura shekara ashirin yana ɗauke da mota ya zauna. Sau da yawa in ka sa na gaban TDI, wato Golf mai injin dizal, wanda aka yi don inji mai nauyi, da na bayan Golf wagon, motar za ta miƙe sosai tun ba a sa komai ba. In za ka saya na Beljiyom, ka duba ɗigon fenti masu launi da ke jikin sifirin, su ne alamar ƙarfinsa. Hagu da dama dole launinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba motar za ta tsaya a gicciye. Bayan nan sai ka sake awo, abin da ya rage a cike da abin ɗagawa na alminiyam ko roba mai tauri wadda aka zuba don wannan aikin, milimita 15 zuwa 20.

Abin da ba a yi: yanka tsohuwar taya a cusa tsakanin zagayen sifirin, da yi wa jikin shokozoba walda don a ƙara masa tsawo. Na farko yana kashe zagayen da aka toshe, sauran su ɗauki nauyin duka har ɗaya ya karye. Na biyu kuwa akwai mai da gas a ciki.

A ƙafar baya sifirin daban yake, shokozoba daban. In ka ɗaga da milimita 30 ka bar tsohon shokozoba, saukar baya ta tafi. Ko dai a sa mai tsawo, ko a sa abin ƙara masa tsawo daidai da abin da aka ɗaga. Amma kada ya wuce, don in ya yi tsawo da yawa sifirin zai faɗo daga mazauninsa idan ƙafa ta sauka.

Kuma don Allah a matse sifirin gaba da ƙarfen matse sifirin na gaske. Igiya da waya sun raunata yaran gareji da yawa.

Mai Alaimen na Gombe:

Baba ya gama magana kan sifirin. Bari in ɗora kan shaf da taya.

A Golf 4 giyabos yana hagu, don haka shaf ɗin hagu shi ne gajere, shi ne kuma yake fara kuka. Gajeren ƙarfe in ka sauke bakinsa ɗaya da milimita 40, ya fi dogo karkacewa. Alamar farko ita ce karkarwa a ƙasan ƙafarka idan ka taka mai daga giya ta biyu zuwa ta uku, ka saki mai ta ɗauke. Wannan kan shaf na ciki ne. Ta biyu, robar da ke riƙe giris tana tsagewa a lanƙwasarta, ƙura ta shiga, giris ya koma kamar dutsen wasa wuƙa. A burji, robar da ta tsage ba ta kai mako biyu ba ta cinye kan shaf. Gwaji mai sauƙi: mota a kan jak, ƙafa a sake, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a juya taya da hannu. In kana jin tana ɗan cijewa tana saki, an wuce gona da iri, a rage. A wannan halin kuma a duba tiyon birki da wayar ABS, kada ɗayansu ya miƙe kamar tsirkiya. In ya miƙe a sa tiyo mai tsawo, kada a lanƙwasa mariƙinsa.

Kuskuren da ya fi yawa a gareji shi ne ɗaure notin bushin lowa am, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafa ta ƙasa, mota tana rataye. Robar bushin murɗawa take yi, ba juyawa ba. In an ɗaure ta ƙafa tana lilo, da an sauke mota ta riga ta murɗe, wata uku ta yage. A saki notin, a sauke motar ta tsaya da nauyinta, sannan a ɗaure. Manyan kusoshin ƙafar Volkswagen da yawa irin masu miƙewa ne, sau ɗaya ake ɗaure su, musamman wanda ke matse shokozoba a cikin gidan bores. A sayi sabo. Na wili kuma 120 Nm ne a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ba a hau sifana da ƙafa ba.

Bayan ɗagawa saman tayoyin gaba yakan buɗe waje, bakinsu kuma ya sauya, to alaimen dole ne a ranar. Golf 4 ba ta da wurin gyaran kwanciyar taya sosai, ɗan wasan da ke ramukan boljoyin ne kawai. Wannan ma wani dalili ne na tsayawa a 40. A saita fitilun gaba su ma.

Taya kuwa, a nan riba take, domin ita kaɗai ke ɗaga komai har da lowa am da gatarin baya. Ga lissafin faɗin da'ira:

205/55 R16: milimita 632
205/65 R15: milimita 648
205/70 R15: milimita 668

Ta ƙarshen ta ƙara 36, rabinsa ne tsayin da ka samu, wato 18. Ka haɗa da 35 na ƙafa, ka haura 50 ba ka wahalar da shaf ba. Wili inci 15 na Golf 4 gama-gari, mai rami biyar 5x100, yana hawa kan faifan birki na milimita 288. In motarka mai faifai 312 ce, sai 16. Maleji zai riƙa yi maka ƙarya da kusan kashi 6 cikin ɗari: yana nuna 100 kana kan 106. Giyar farko kuma za ta ɗan yi nauyi, kuloci ne zai biya a hawa.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa: abin ɗagawa na sama ba ya ƙara tazara tsakanin taya da farantin da sifirin ke zaune a kai, tare suke sauka. Ka sa yatsa a wurin. In yatsa bai shiga ba, laka ma ba za ta wuce ba. Ka ari taya ɗaya wurin mai faci a gwada kafin ka biya kuɗin biyar.

Ɗan Rali:

Ranku ya daɗe, duk abin da kuka faɗa daidai ne ga mai zuwa ƙauye. Amma ɗan'uwa ya ambaci rali, kuma a nan ina da ja. Shiga daji a hankali daban, gudu a burji daban. Abin ɗagawa tsayi kawai yake bayarwa, ba ya ƙara wa ƙafa tafiya ko ta milimita ɗaya, ga shi ya ɗaga nauyin mota sama ta ƙara kwanciya a kwana. Mai gudu shokozoba yake saya, ba tsayi ba.

A hanyar da ta yi kunya-kunya kamar gona, shokozoba mai bututu biyu irin na kamfani yana zafi, man ciki ya yi kumfa, cikin 'yan mintuna mota ta koma tsalle kamar kwale-kwale. Mai bututu ɗaya da gas, irin Bilstein B6, ya fi jure zafi domin mai da gas a rabe suke. Na tsere na gaske, irin Reiger da Öhlins, suna da tankin mai a gefe da doguwar tafiya, amma kuɗin saiti ɗaya zai iya fin kuɗin motar. Kada kuma a sa sifirin mai tauri da sunan ƙarfi. Burji laushi yake so, taya ta bi ƙasa. Motocin gasar rali ta duniya ma wili inci 15 suke sawa a burji, 18 a kwalta, saboda gefen taya mai tsawo shi ne ke shanye dutse.

Sannan kafin duk wannan, a rufe cikinta. Botom filet na Golf 4, wato kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, alminiyam ne, yana ƙasa sosai, kuma ba ya lotsawa, fashewa yake. Dutse ɗaya, baƙin mai ya tsiyaye, in ba ka lura da jar fitila ba inji da turbo sun tafi tare. A yi faranti na alminiyam mai kaurin milimita 5 zuwa 6, ko ƙarfe milimita 3. A ɗaure shi a ƙarfen shasi ta gaba da kuros memba, wato ƙarfen da ya gitta ƙasan mota yana riƙe ƙafar gaba, ta baya, ba a jikin inji ba. A bar tazarar yatsa guda tsakaninsa da botom filet, a cusa soso mai tauri a tsakani don kada tsakuwa ta maƙale ta huda abin da aka zo karewa. Bakin gaba ya tashi sama kamar na kwale-kwale, kawunan kusoshi su nutse, a bar ƙofar juye mai. A 1.8T akwatin sanyaya iskar turbo yana ƙasa a kusurwar dama, bayan bamba, gaban taya. Shi ma a yi masa raga. Tiyon mai da na birki da ke bin ƙarƙashi a rufe su da roba mai kauri. Wanda ya sa buɗaɗɗiyar matatar iska mai siffar mazurari ya cire, ya mayar da akwatin kamfani, ƙurar rani ba ta da wasa.

In za a riƙa tsalle da ita, kofin da saman shokozoba ke zama zai kumbura ya tsage. A ƙara masa faranti milimita 2 zuwa 3 da walda, a cire batir da birin bos tukuna. Gudu kuma sai da kejin ƙarfe a ciki, bel mai kafaɗa biyu, hular kwano da abin kashe gobara, a filin da aka tsare. Hanyar ƙauye akwai shanu, akwai 'yan acaɓa, akwai yara.

Mai Golf daga Yelwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Baba, in aka sauke kuros memba da abin ɗagawa, ba za a iya kai inci uku ɗin ba tare da shaf ya karkace ba?

Tsohon Bakanike:

A'a. Sauke kuros memba yana gyara kwanciyar lowa am da tayarod, amma injin Golf 4 da giyabos a jikin bodi suke rataye, hagu da dama. Bodi ya tashi, sun tashi, shaf yana nan a karkace. Sai dai ka sauke inji shi ma, in ka sauke shi kuma botom filet ya koma inda ya fito, ga sandar sitiyari da salansa da tiyon lagireto duk sai an ƙara musu tsawo. Wahala ba riba.

Volkswagen da kansu da suka so Golf mai tsayi, wato Golf Country ta 1990 zuwa 1991, ba roba suka sa ba. Golf 2 mai jan ƙafa huɗu suka kai Graz a ƙasar Ostiriya, kamfanin Steyr-Daimler-Puch ya saka mata firam na ƙarfe a ƙarƙashin bodi, ta samu santimita 21 daga ƙasa. Steyr ɗin nan dai da sunansa ke kan masana'antar haɗa tarakta da manyan motoci ta nan Bauchi. Aikin masana'anta ne, ba na yini ɗaya a gareji ba.

Ko ka kai inci ukun ma, ƙafa biyu ke ja. Taya ɗaya ta gaba ta rataya a kwazazzabo, ƙarfin duk can zai gudu. A yashin rafi ka kashe ASR, wato na'urar hana taya sulɓi, da maɓallinsa don kada ya yanke maka mai, ka rage iska zuwa 18 ko 20 a geji, ka shiga da giya ta biyu ba tsayawa, ka mayar da iskar da zarar ka fito. Bayan kilomita 500 na farko a koma kan rami a bi kusoshin duka, a sake awon nan huɗu a gwada da na takarda, domin sabon sifirin yana ɗan zama, wani lokacin sai an sake alaimen.