Kabad ɗin Kaka da rigimar "gwanjo"

Ɗan Gangare: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, tun jiya raina a ɓace yake. Na je gaida Inna, na tarar da ɗakin marigayi Kakanmu wayam. Kabad ɗin nan mai madubi a ƙofa, da agogon bango mai lilo, da teburin cin abinci, duk babu. Wai Baffana ne ya kira dillali daga Kasuwar Katako ya kwashe, ko shawara babu. Kayan nan a gwanjo Kaka ya saye su, lokacin da wani Baturen kuza na unguwar Rayfield a nan Jos zai koma Ingila, tun kafin 'yancin kai. Sai ƙarti huɗu ke ɗaga kabad ɗin, har yau gara ba ta taɓa shi ba. A cikin ƙofarsa akwai lambar da aka rubuta da alli ranar cinikin, 47, Kaka ya hana kowa gogewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a Jos ta zamanin Turawa kujera da tukunya kawai ake barin baƙar fata ya taya, gidan kansa ko kiransa ba a yi. Iyakar rabonmu ke nan a arzikin kuza, shi ma mun sayar kuɗin cefane.

Maman Ilham: Allah ya jiƙan Kaka. Amma ƙanena, kai da bakinka ka ce kayan gwanjo ne. Kayan gwanjo ai haka suke, daga wannan hannu sai wancan.

Ɗan Gangare: Yaya, ban ce "kayan gwanjo" ba. Cewa na yi "a gwanjo ya saye su." Da bambanci.

Bakano a Jos: Wane bambanci? Gwanjo gwanjo ne. Abin da wani ya gama morewa ya yar. Ko rigar sanyin da ke jikina yanzu a kasuwar Terminus na tsince ta, ban ce mata kayan tarihi ba.

Malam Ticha: A'a, ku tsaya. Asalin gwanjo ciniki ne a bainar jama'a. A kaɗa ƙararrawa, mutane su taru, mai gwanjo ya ɗaga kaya, wannan ya taya, wancan ya ƙara, wanda ya fi tayi a sallama masa. Sabon kaya ma ana yin gwanjonsa. Daga baya ne dilolin tufafi suka ƙwace sunan. Wanda aka riga aka yi amfani da shi kuwa, kwance ake cewa. Kalmar ma Yarabawa na da ita, gbanjo, da wannan ma'ana ta ciniki.

Bakano a Jos: To ga shi nan. Ku 'yan boko ba ku da aiki sai mai da kowace kalma tamu ta aro. Gobe ma za ku ce "kasuwa" daga Legas aka kawo ta a jirgin ƙasa.

Malam Ticha: Ban ce an kawo ta ba, na ce suna da ita. Ka koma ka karanta.

Bakano a Jos: Na karanta. A Kwari da Sabon Gari ka ce wa mutum "gwanjo," ka ga ko ƙararrawa zai tuna.

Uwar Biyu: Shi ya sa Hausar Jos ta fi. Mu duka biyun muna faɗa, kuma ba ma rikicewa.

Bakano a Jos: Hausar Jos? Wadda ake ce wa mace "ya zo"?

Uwar Biyu: Wadda ka baro garinku ka zo kake cin abinci da ita dai.

Barista: Ku bar ni in koma kan maganar gida, don a nan ne mai ƙorafi ya ɗan zame. Ba wai hana baƙar fata tayi ake yi a filin gwanjo ba, yawancin gidajen ne ba na sayarwa ba tun farko. Tun dokar filaye ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, duk ƙasar Arewa tana hannun Gwamna. Bature kansa takardar izinin zama yake riƙewa ta wasu shekaru, kuma ba ya miƙa ta ga wani sai da yardar hukuma. Gidan da Joji ko Di'o yake ciki na gwamnati ne, an tashe shi wani ya shiga. Na manajojin kuza kuma na kamfani ne, irin su kamfanin haƙar kuza na ATMN. Sannan dokar birane ta 1917 ta ware unguwar Turawa daban, da fili fetal na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa. Ko ka saya, ina za ka kwana? Abin da ke fitowa gwanjo shi ne kayan mutum na kansa waɗanda kuɗin dakonsu zuwa Ingila ya fi su tsada: tangaran, fitilar gas, garmaho, keke, doki, wani lokaci mota. Manyan kayan katako na gidajen gwamnati ma na PWD ne, wato ma'aikatar ayyuka, a rubuce suke a littafi, ba a fita da su.

Sarkin Tsokana: Tsaya Barista. Ka ce manyan kayan katako ba a fita da su? To kabad ɗin da sai ƙarti huɗu fa? 🤔

Barista: Na ce na gidajen gwamnati. Nasa Baturen kuza ne, ba ma'aikacin gwamnati ba.

Sarkin Tsokana: Ni dai tambaya na yi. Ko dai Kaka kuku ne aka yi masa sallama da shi, labari ya girma a hanya?

Ɗan Gangare: Ka kiyaye ni. Kakana bai taɓa ɗaura wa kowa tawul ba. Ɗan kwangila ne, hatsi da manja yake kai wa barikin lebura da jakuna har Barikin Ladi. Da kuɗinsa ya taya, fam uku da sule goma, Inna tana raye a tambaye ta.

Hajiya Tudun Wada: To mene ne abin kunya a aikin kuku da har za ka ce "ɗaura tawul"? Mahaifina shekara goma sha ɗaya yana dafa wa Bature abinci, da shi ya gina gidan da aka haife mu, ya kai mu makaranta. Kuma in gaya maka, ranar gwanjo kuku da boyi su suka san kofin da ya tsage da agogon da ke makara. Masu kuɗin gari wajensu suke zuwa a asirce kafin a kaɗa ƙararrawa. Ƙila ma irin su Babana ne suka raɗa wa Kakanka ya tayi kabad ɗin.

Ɗan Gangare: Hajiya ki gafarce ni, ba da ke nake ba.

Hajiya Tudun Wada: Da ubana kake ai.

Maman Ilham: Don Allah a bar iyaye su huta a kabarinsu.

Akanta: Ni lissafi ya tsaya mini. Da aka canja kuɗi a 1973, fam ɗaya naira biyu aka yi shi. Fam uku da sule goma naira bakwai ke nan. Baffa nawa ya sayar?

Ɗan Gangare: Dubu tamanin da biyar, duka ukun.

Akanta: To ai Baffa riba ya ci 😂

Malam Ticha: Wannan lissafin dokin Rano ne. Leburan kuza a wancan zamani sule yake ƙirgawa a mako, ba fam ba. Ka auna da guminsa, ba da nairar yau ba.

Ɗan Bukuru: Kuna ta faɗa a kan kabad. Waɗanda aka tone wa gonaki daga Bukuru har Barikin Ladi ko cokali ba su gani ba, sai kududdufan da aka bar musu suna cin yara da shanu har yau. Waɗanda aka kwaso aikin tilas lokacin yaƙin Hitila, sanyi ya kashe su a bariki, su wane gwanjo suka je? Kai naka Kakan har ya samu abin tayawa.

Admin: Ɗan Bukuru, maganarka gaskiya ce amma kada ta kai mu ga "ƙasar wa." Mun san inda wannan ke ƙarewa a garin nan. Duk wanda ya taɓo ta zan cire shi.

Bakano a Jos: Ni har yanzu ba a ba ni amsa ba. In gwanjo ciniki ne, me ya sa ake cewa "ya zama gwanjo" ga abin da ya wulaƙanta?

Malam Ticha: Saboda mutane irinka sun fi yawa.

Admin: To ya isa haka, dare ya yi. Bari in taƙaita don waɗanda za su shigo da safe. An tabbatar gwanjo sana'a ce mai daraja da tsari, kamar yadda Malam ya yi bayani, kuma ni shaida ne don mahaifina shekara talatin yana dillanci a garin nan, bai taɓa cin la'adar da ta wuce ƙa'ida ba. An kuma fahimci dillalin da ya sayi kayan bai yi laifin komai ba, kiransa aka yi, ya taya, aka sallama. Wanda ya sayar ne za a tambaya, wannan kuma maganar cikin gida ce, ba ta zaure ba. Maganar gidajen Turawa Barista ya rufe ta. Bakano bai kawo hujja ko ɗaya ba. A daina zagin dillalai.

Ɗan Gangare: Yallaɓai, wa ya zagi dillalai? Ni ban ma ambaci laifinsa ba.

Bakano a Jos: Admin ɗan dillali ya yanke hukunci dillali ya yi daidai. Allah ya ba mu haƙuri.

Ɗan Gangare: Na je Katako da yamma. Kabad ɗin ya tafi tun shekaranjiya, wai wani ya saya ya ɗora a mota zuwa Abuja, yaron shagon ya ce har sun wanke cikinsa da omo kafin a ɗauka. Agogon ma babu. Teburin ne kawai ya rage, yana jingine a bayan shago an kifa masa baho.

Maman Ilham: Teburin mutum nawa yake ɗauka? Turo mini lambar mutumin ta gefe.