Wace kalma za mu sa wa leasehold, da ƙara masa shekaru?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kai ga Hausawan da ke sayen fulat a Ingila da Wales, kuma kalmar leasehold ta tsaya mana a wuya. An rubuta "haya", amma mutum ya biya fam dubu ɗari uku, ya yi rajista da sunansa, sannan a ce masa ɗan haya? Sai kuma lease extension, wato ƙara wa leasehold shekaru. Masana, a taimaka.

Dillalin gidaje: Wa alaikumus salam, Malam. A cire "haya". Ɗan haya ba ya sayar da ɗakin da yake ciki, ba ya kai shi banki ya ci bashi, 'ya'yansa ba sa gadonsa. Mai leasehold yana yin duka ukun. Abin da ya saya shi ne shekaru, 99 ko 125 ko 999, kuma suna raguwa kullum. Ranar da suka ƙare fulat ɗin ya koma hannun mai ƙasar da ginin yake kai. "Jingina" ma ba ta shiga ba, don a jingina mai gona yana mayar da kuɗi ya karɓi abinsa. Ni dai "mallakar wa'adi" nake gani, freehold kuma "mallakar dindindin". Wanda ya san takardar C of O ta shekara 99 da gwamna ke bayarwa a Najeriya zai gane nan take.

Lauya: Alhaji ya yi daidai. Ga ɗayar kalmar kuwa, "ƙarin wa'adi" ta fi "sabunta wa'adi". A takarda sabuwar yarjejeniya ake rubutawa ta maye gurbin tsohuwa, amma duk wanda ya ji "sabuntawa" zai ɗauka an share ragowar an fara ƙirga daga farko. Dokar leasehold ta 1993 ɗorawa take yi: shekara 90 a kan abin da ya rage. Mai ragowar 82 zai tashi da 172, kuma kuɗin da yake biyan mai ƙasa duk shekara ya faɗi zuwa sifiri. Sharaɗi shi ne asalin yarjejeniyar ta wuce shekara 21. A da sai mutum ya shekara 2 da mallakar fulat kafin ya nema. An janye wannan a ƙarshen Janairun 2025.

Ga yadda ake bi. Mai ƙimanta kadara ya fitar da farashi, lauya ya aika wa mai ƙasa sanarwa ta sashe na 42 na dokar 1993 ɗauke da tayin, a ba shi aƙalla wata 2 ya amsa. Yana da ikon neman kafin alƙalami, kashi 10 cikin ɗari na tayin ko fam 250, wanda ya fi yawa. In ya amsa aka kasa daidaitawa, sai a kai kotun musamman ta kadarori bayan wata 2 da amsarsa, kafin wata 6 su cika. Nan mutane ke faɗuwa: ana ta ciniki cikin fara'a, wata 6 su wuce ba a shigar da ƙara ba, doka ta ɗauka an janye, ga kuɗin lauyan mai ƙasa da na mai ƙimarsa a wuyan mai nema.

Mai fassara: Barista, Allah ya saka. To wannan kuɗin shekara-shekara, ground rent? Wani dattijo ya kawo "galla", abin da mai aron gona ke kai wa mai ita bayan girbi.

Mai ƙimanta kadara: Ma'anar galla ta zauna daram, sai dai yaron da ya tashi a Landan ko a Fagge bai taɓa jin ta ba. A bar "kuɗin ƙasa", kuma a raba shi da kuɗin hidimar gini, na gyaran rufi da lifta da inshora, don ƙarin wa'adi ba ya taɓa kuɗin hidimar. Sifirin da Barista ya ambata, a doka ƙwayar masoro ɗaya ce a shekara, wadda ba mai zuwa karɓa.

Wadda ta fi damuna ita ce marriage value. Kada a kuskura a rubuta "darajar aure", za a yi mana dariya. Abin da ake nufi: fulat mai gajeren wa'adi yana da araha, da an ƙara masa shekaru farashinsa ya tashi fiye da abin da mai ƙasa ya rasa. Wannan rarar ce ake rabawa biyu. A ce ta kai fam 20,000, mai ƙasa ya ɗauki 10,000 a kan kuɗinsa na asali. Ba a lissafa ta sai ragowar ta sauko shekara 80 ko ƙasa, kuma ranar da aka miƙa sanarwar ita ce ranar ƙirga. Shi ya sa mai ragowar 81 ba ya da lokacin jira. Ina ba da "rarar ƙari".

Dillalin gidaje: Hajiya, "rarar ƙari" ta yi. Ku ƙara a takardar cewa bankuna na ja da baya ga fulat mai gajeren wa'adi, sai mai tsabar kuɗi, shi kuwa ragi zai nema.

Lauya: A kula da dokar gyaran leasehold ta 2024 wajen rubutun. Ta tanadi shekara 990 a maimakon 90 da soke rarar ƙarin, amma sassanta ba rana ɗaya suke fara aiki ba, saboda haka a rubuta "doka ta tanada", mai nema ya tambayi lauyansa wanne sashe ke aiki ranar da zai aika sanarwa. Akwai kuma hanyar sasantawa da mai ƙasa ba tare da sashe na 42 ba. Takan fi sauri, amma zai iya ba da shekaru kaɗan, ya bar tsohon kuɗin ƙasa yana tafiya har ragowar farko ta ƙare. Malam, ka kira ta "ƙarin wa'adi na sulhu", waccan kuma "na doka".

Mai fassara: An rubuta, Barista. Saura commonhold, inda kowa ke mallakar fulat ɗinsa dindindin, a haɗu a kula da ginin, in akwai mai shawara.