Canji, fassara ko juyi: me za mu kira mayar da inci zuwa santimita?

Jama'a, ina neman kalma. Idan mutum ya auna katako ya samu inci 10, sannan ya rubuta santimita 25.4, aikin da ya yi shi ne Turawa ke kira conversion. Mu fa, me za mu ce?

Da yawa sukan ce "canji". Ban gamsu da ita ba. Wanda ya yi canjin kuɗi ya ba da wani abu ya karɓi wani, kuma farashin yau ba lallai ya zama na gobe ba. A awo kuwa katakon na nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Lissafin ma a daskare yake: tun yarjejeniyar 1959 da Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe masu magana da Ingilishi suka ƙulla, yadi ɗaya mita 0.9144 ne cif. Daga nan ƙafa ta zama santimita 30.48, inci ya zama 2.54, mil kuma mita 1,609.344.

"Fassarar awo" ta fi kusa, domin tsawon ɗaya ne, harshen faɗinsa ne ya bambanta. Na daɗe ina sonta. Sai dai kunne na jin fassara zai tafi wajen magana da littafi, kuma fassara takan zo iri-iri, kowane mafassari da tasa. Inci 10 ba shi da amsa biyu.

Abin da na tsaya a kai shi ne "juyin awo". Kalmar juyi tsohuwa ce a wajenmu: mai juyin littafi yakan kwashe abin da ke wannan takarda ya zuba a wata, ba ƙari ba ragi. Ga ta da sauƙi a baki: juya ƙafa 6 zuwa mita, ka samu 1.83 in an taƙaita. Juya kilomita 8 zuwa mil, ka samu kusan 5.

Saura sunayen tsarin awo guda biyu da ake juyin a tsakaninsu, wato metric na su mita da imperial na su inci. Metric bai ba ni wahala ba: "awon goma-goma". Milimita 10 santimita ɗaya, santimita 100 mita ɗaya, mita 1,000 kilomita ɗaya. Haka Faransawa suka tsara shi a shekarun 1790, kuma sunan kaɗai ya koya wa ɗalibi rabin darasin.

Imperial ne mai gardama. Na ga an rubuta "awon masarauta", kuma mai karatu zai zaci na fadar sarki ake nufi. Daular Birtaniya ce asalin sunan, daga dokar awo ta 1824, don haka "awon Ingila" ya wadatar, ko da yake Amurkawa sun fi kowa riƙo da inci da ƙafa a yau. Shi wannan ba ya tafiya goma-goma: inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya.

Roƙona ɗaya ga marubuta: a daina sa "taku" a madadin ƙafa. Taku na dogo daban, na gajere daban, kamar yadda kamu da gaba suke bin jikin mai awon. Ƙafar awo kuwa inci 12 ce ko wa ya riƙe magwajin.

Malaman lissafi, ku gwada "juyin awo" a aji, ku faɗa mana ko yara sun kama ta.