Muhawara: kan jirgin Centennial na Amurka, gwaninta ce ko asarar kuɗi?

Ɗan Tasha: Salamu alaikum jama'a. Na zo da magana, wanda zai ji haushi ya ji. Kan jirgin nan DDA40X da kamfanin Union Pacific ya saya, wanda ake kira Centennial, ni a wurina burga ce kawai. Guda 47 aka ƙera daga 1969 zuwa 1971, kuma ban da Union Pacific babu kamfanin jirgin ƙasa ko ɗaya da ya saya. Kafin ƙarshen shekarun 1980 duk an sallame su daga aiki, in ban da guda ɗaya. Abin da ya yi kyau ai ba a barinsa haka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka faɗi rabi ka bar rabi. Ƙarfin doki 6,600 a jiki ɗaya, tsawonsa kusan mita 30, har yau ba a yi kan jirgin dizal mai jiki ɗaya da ya kai shi tsawo ba. Kuma ka tambayi kanka don wace hanya aka yi shi. Layin Union Pacific daga Nebraska ya ratsa Wyoming, ya hau tudun Sherman Hill, ya shiga Utah. Tafiya ce mai nisa, ga hawa, ga kaya masu gaggawa. Kamfanin da ma can ya saba da manyan kawuna tun zamanin Big Boy, ƙaton kan jirgi mai tururi.

Ɗan Tasha: To ai ka taimake ni. Sabo ne ya sa suka saya, ba lissafi ba. Har sunan ma na biki ne: cika shekara 100 da haɗewar layin dogo na gabas da na yammacin Amurka a Promontory, jihar Utah, a 1869. Lambar ma daga 6900 aka fara don ta dace da 69.

Hajiya Mai Lissafi: Ku dakata, ni ban gane abu ɗaya ba. Inji ɗaya ne ke ba da wannan ƙarfin?

Injiniya: A'a Hajiya, biyu ne, kowane mai silinda 16, samfurin 645 na kamfanin EMD, wanda a lokacin reshen General Motors ne. Kuma injin ba shi ke juya ƙafafun kai tsaye ba kamar na mota. Janareta yake juyawa, wutar ta tafi ga ƙananan injinan lantarki da ke jikin ƙafafun. Wannan kan yana da su takwas. An ƙara wa kowane inji gudu daga juyi 900 zuwa 950 a minti don ya ba da doki 3,300.

Hajiya Mai Lissafi: Wato kawuna biyu ne aka ɗinke wuri ɗaya.

Baba Kanike: 'Yata, kin gama maganar ba ki sani ba. Ni ban taɓa kwance kan jirgi ba, tireloli na yi shekaru ina gyarawa, amma lissafin gareji ɗaya ne ko'ina. In kana da motoci biyu, ɗaya ta lalace, ɗaya tana hanya tana kawo kuɗi. In ka haɗe su jiki ɗaya, ranar da ƙafa ɗaya ta samu matsala duka biyun ne za su kwana a gareji. Doki 6,600 zaune ana jiran kayan gyaran abin da bai kai ya kawo ba. Sannan abu mai wannan tsawon, ba kowace kwana zai sha cikin daɗi ba, ƙafafu jeri huɗu a gaba, huɗu a baya, dole dogon ya ji a jikinsa. A babban layi miƙaƙƙe sarki ne. Ka kai shi ƙaramin layi, ya zama kaya.

Injiniya: Baba, da girmamawa, akwai ɗaya gefen. In inji ɗaya ya mutu a daji, ɗayan zai ci gaba da ja. Kuma ɗakin direba ɗaya ne maimakon biyu, kayan birki da na sarrafawa saiti ɗaya. Wannan ragi ne a kuɗin kulawa.

Baba Kanike: Kawuna biyu da aka jona su ma in ɗaya ya mutu ɗayan yana ja, ɗana. Ba ka ƙaru da komai ba a nan.

Ɗan Tasha: Allah ya ja kwana Baba! Ga hujjar da ta fi kowace: kan jirgin SD40-2. Kamfani ɗaya ya ƙera shi da Centennial, inji iri ɗaya amma guda ɗaya, doki 3,000, an fara a 1972. An yi kusan 4,000. Burlington Northern ta saya, Canadian Pacific ta saya, ita kanta Union Pacific ɗaruruwa ta kwasa. Har gobe wasu na aiki. Kaya kaɗan ka sa biyu, kaya da yawa ka sa huɗu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Injiniya: Na ji daɗi da ka kawo SD40-2 da bakinka. Wancan "-2" ɗin da ke ƙarshen sunan, daga ina ya fito? Tsarin lantarki ne na allunan da ake zarewa a sa wani, maimakon kanike ya kwana yana bin waya ɗaya bayan ɗaya. A jikin Centennial aka fara gwada shi. Abin da kake yabo ɗan wanda kake zagi ne.

Ɗan Tasha: To a ce ɗakin gwaji ne mai tsada, na yarda.

Hajiya Mai Lissafi: Ni dai a kasuwanci ba shekarun abu nake dubawa ba, aikin da ya yi nake dubawa. Nawa suka yi tafiya?

Injiniya: Wajen mil miliyan biyu kowane ɗaya cikin kimanin shekara goma. Ba a bar su sun huta ba. A 1980 kaya suka ragu saboda tattalin arzikin Amurka ya ja baya, aka jingine su. A 1984 da kasuwa ta buɗe aka dawo da 25 bakin aiki, daga nan kuma aka yi sallama da su.

Hajiya Mai Lissafi: To wannan ai ba asara ba ce, Ɗan Tasha. An ci moriyarsu har suka gaji. Motar da ta yi Kano zuwa Legas kullum ba za ta kai shekarun wadda ke zagaya cikin gari ba.

Ɗan Tasha: Hajiya, in riba aka ci, me ya hana a sake saye? A shekarun 1990 an sake gwada doki 6,000, wannan karon da inji ɗaya: AC6000CW na General Electric da SD90MAC na EMD. Injinan suka yi ta ba da wahala, kamfanoni suka dawo wajen doki 4,400 suka tsaya. Sau biyu ke nan ana gwada ƙato ana komowa.

Injiniya: Matsalar waɗancan sabon inji ne da bai gama nuna ba. Centennial tsohon inji amintacce ya ɗauka. Kada ka haɗa su a kwando ɗaya.

Baba Kanike: Ku biyun tambaya daban-daban kuke amsawa. Injiniya yana cewa ya yi aikin da aka saye shi dominsa, kuma ya yi. Ɗan Tasha yana cewa dabarar ba ta yi 'ya'ya ba, ita ma gaskiya ce. Ni in kuɗina ne, biyu ƙanana zan saya.

Ɗan Tasha: Baba ya ba ni gaskiya ke nan.

Injiniya: Bai ba ka ba, cewa ya yi in kuɗinsa ne. Union Pacific ba gareji ɗaya gare ta ba. Hajiya, na farkon, 6900, yana nan a Kenefick Park a birnin Omaha kusa da Big Boy. Lamba 6936 kuma kamfanin ya riƙe shi don jan jiragen baƙi, sannan a 2022 ya ba da shi kyauta ga masu adana jirage a Silvis, jihar Illinois.

Hajiya Mai Lissafi: Mai nawa yake sha? Wannan ne ba wanda ya faɗa min.

Injiniya: Tankinsa ya haura galan 8,000. Amma a raba da nauyin kayan da yake ja kafin a yi hukunci. An kira salla a nan, in na dawo mu ɗora daga kan man.